Zafi da Sanyi a Ɗakin Jego

Talata, 4 ga Oktoba 2016

Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi. 'Yata Amatullahi ta sauka da hantsi, mace aka samu. Na yi jika a Makka!

Ina kan keke a shago, ina haɗa wuyan wata jallabiya, wayar matata Zinariya ta shigo: "Malam, ka yi amarya." Ban san lokacin da na miƙe ba, zare ya bi ni har bakin ƙofa. Mukhtaru, abokin ɗinkina, ya ce da ya ga yadda na ratsa bas-bas ɗin tashar Kudai da gudu, ya zaci shagon ne ya kama da wuta.

Jikokina na Kazaure a waya kawai na san su. Wannan kuwa zan ji ɗuminta a hannuna.

Sai dai ta yi sammako, wata tara bai cika ba. An sa ta a kwalba. Ta gilashi na gan ta, tafin ƙafarta kamar babban yatsana. Likita ta ce lafiyarta lau, nauyi kawai ake jira ta ƙara, mako biyu ko uku.

Rubutun nan ya karkace. Malaminmu na ajin yamma da zai gani cewa zai yi in sake. Ba zan sake ba.

Alhamis, 6 ga Oktoba

Zinariya ta sauko da babbar tukunya daga saman kabad. Ta fito da kanwa da geron da ta ɓoye tun da aka ce ciki ne. Ta yi magana da wata da za ta riƙa kawo mata ganyen darbejiya. Ɗakin Amatullahi na da an share shi sau biyu yau.

Haihuwar fari a gidan iyaye ake wankan jego, wannan ba sai an faɗa ba. Amma ga Zinariya abin ya wuce al'ada. A nan ta haifi Amatullahi, ba uwa, ba goggo, ba kowa nata. Wata maƙwabciya ce ta yi mata wanka na 'yan kwanaki, sauran ita ta riƙa ɗora ruwanta tana jan jiki. Tun ranar take cewa 'yarta ba za ta ga haka ba.

Tana wanke tukunya tana waƙa. Rabon da in ji ta tana waƙa har na manta.

Asabar, 8 ga Oktoba

Rana ba daɗi.

Abdulwasi'u, mijin Amatullahi, ya ja ni gefe a barandar asibiti. Yaron kirki ne, ba ni da abin cewa. A nan aka haife shi, kakanninsa ne suka zo da ƙafa daga ƙasar Hausa, Hausar tana yi masa nauyi a baki. In magana ta yi tsanani sai ya tsere zuwa Larabci, in ya ga na yi shiru ya dawo.

Ammi yake ce mini, wato baffa da Larabci. Ya ce, "Ya Ammi, ka yi haƙuri. Likita ta ce ɗakin da za a kai yarinya kada ya yi zafi, kada ya yi sanyi, kuma ba ƙura. Mukayyif ɗinku…" Bai ƙarasa ba.

Ba sai ya ƙarasa ba. Mu ne a saman bene, rana a kanmu take wuni. Mukayyif ɗin ɗakin kuwa, wato na'urar sanyaya ɗaki, irin na cikin bango ne, ya girmi Amatullahi. In ka kunna ya yi ta ruri kamar injin markaɗe, yana tofar da ruwa, sanyi har cikin ƙashi. In ka kashe, tanderu. Ba shi da tsaka-tsaki.

Ya ce in an sallami jaririya gidansa na Aziziyya zai kai su, Khala ta riƙa zuwa duba su. Khala, wato Zinariya. Tana bayanmu ashe, ta ji komai.

Muka iso gida. Tukunyar tana nan tsakiyar kicin, ba ta mayar ba, ba ta kuma taɓa ba.

Lahadi, 9 ga Oktoba

Ba a ɗora girki ba yau. Tamis da ful, wato burodi da wake, na sayo, ni kaɗai na ci.

Litinin, 10 ga Oktoba

Bayan azahar na tsaida Abdulganiyyu a ƙofar masallacin bayan shago. Mutumin Damagaram ne, aikinsa sa mukayyif da gyara shi. Na faɗa masa damuwata.

Ya ce akwai irin mai gida biyu, ɗaya a cikin ɗaki, ɗaya a waje, bututu ya haɗa su. Ba ta da ƙara. Kai za ka faɗa mata inda kake son ɗaki ya tsaya, ta tsaida shi nan, ko sama ko ƙasa ba za ta bari ya gota ba. Kuma akwai wadda ke yin biyun, Larabawa na ce mata har wa barid, wato zafi da sanyi.

Na ce ta yaya abu ɗaya zai yi wuta ya yi ƙanƙara?

Ya yi dariya ya ce, "Alhaji, ba ta yin ko ɗaya. 'Yar dako ce. Zafin ɗaki take kwasa ta kai waje, sai ka ce ta yi sanyi. In ka juya ta, ta kwaso na waje ta shigo da shi. Kaya ɗaya ne, hanya ce biyu."

Wallahi maganar ta zauna mini. Duk yammacin nan ina ɗinki ina juya ta a raina. 'Yar dako. Shekara nawa ina zaune ƙarƙashin mukayyif ban taɓa tambayar ina zafin ke zuwa ba.

Na ce ya nemo mini mai biyun.

Talata, 11 ga Oktoba

Suna. MUBINA. Na rubuta da manyan baƙaƙe don ta cancanta.

An yi shi a taƙaice tunda mai sunan tana kwalba. An yanka rago, an raba. Amatullahi tana gidan surukarta don ya fi kusa da asibiti, kullum tana zuwa ba da nono.

Na sami Abdulwasi'u shi kaɗai. Na ce in na gyara ɗakin fa? In ya zama yadda likita ta ce?

Ya ce, "In na zo na gani da idona, na auna, tayyib. Ni ma ba na son ɓacin ran Khala."

Na dawo gida kamar a yi mini kiɗa.

Laraba, 12 ga Oktoba

Na ɗauka Zinariya za ta yi murna. Ina! Ta ce, "Sanyi za ka sa a ɗakin mai jego? Malam, lafiyarka? Sanyi in ya shiga jikin mai jego ba ya fita sai kabari. Ni da kake gani, wannan ciwon bayan daga ina na samo shi?"

Sai na ce mata ai wannan tana yin zafi ma.

Ta ajiye ludayi. "Zafi? Kamar gadon wuta?" Sai ga labarin kakarta, yadda ake hura wuta ƙarƙashin gadon ƙasa, mai jego ta kwanta ta gasu, ta tashi garau kamar ba ita ta haihu ba. Idonta har ƙyalli yake. Ta ce ashe Turawa sun yi hankali.

Ban ce mata ƙarya ba. Tana yin zafi. Na dai bar maganar a nan.

A shago kuwa Mukhtaru ya samu abin yi. Duk wanda ya shigo sai ya nuna ni: "Ga mutumin da ya sayi zafi a Makka. Gobe zai sayo yashi, jibi duwatsu." Har mai shayin kusa da mu ya leƙo ya gan ni. Su yi ta yi.

Juma'a, 14 ga Oktoba

Mai gidan da muke haya ya yarda a huda bango. Dattijo ne, kunnensa ya yi nauyi, sai da na ɗaga murya. Da ya ji dalili ya ce mabruk sau uku, ya ce rami ɗaya kawai, kuma kada ruwa ya ɗiga a ƙofar mutanen ƙasa. Da na ce tana yin zafi ma, ya dube ni ya dube ni, ya ce Allah ya ba ni lafiya.

Litinin, 17 ga Oktoba

An sa! Bari in rubuta tun ban manta ba.

Abdulganiyyu ya zo da sassafe da kwalaye biyu da tsani. Ban je shago ba, ni ne mai miƙa kaya. Da gemuna fari, ana ce mini "riƙe nan, Alhaji, a'a, ba nan ba."

Da farko mun so ciro tsohon mukayyif mu toshe gurbinsa. Abdulganiyyu ya leƙa ta taga, sai ya ce, "Tsaya." Tattabara ta yi sheƙa a kan akwatinsa ta waje, tana kwance kan ƙwai. Muka dubi juna. Unguwarmu Rusaifa cikin harami take, ba mai korar tsuntsu daga kan ƙwansa a nan. Ya ce shi dai ba da hannunsa ba. Na ce ni ma. Muka bar akwatin inda yake, muka cire wayarsa, muka rufe fuskarsa ta cikin ɗaki da katako, muka liƙe gefe-gefe yadda ko ƙura ba za ta shigo ba. Maƙwabciya ta ci gaba da zamanta.

Sabuwar kuwa, ta cikin ɗakin ya kafa ta can sama, ba saitin gado ba, ya ce kada iska ta riƙa dukan yarinya kai tsaye. Ya huda bango, ramin ya ɗan sunkuya waje don ruwa ya gangara. Ƙura ta tashi, Zinariya tana salati tana rufe katifa da zannuwa. Ya zura bututu biyu na jan ƙarfe, babba da ƙarami, kowanne cikin rigarsa ta baƙin soso. Yadda yake buɗa bakin bututu kafin ya ɗaura ya burge ni, a hankali, kamar mai kalmasa bakin hannun riga. Na faɗa masa, ya ce ai duk ɗinki ne, in ya yi yoyo an ɓata.

Ta wajen muka hau da ita rufin bene, ni a ƙasa, shi a sama, bayana yana faɗa mini shekaruna. Ya ajiye ta a inuwar tankin ruwa, ya bar mata fili ta baya, ya ce tana son numfashi. Ya ja mata wayarta ita kaɗai daga akwatin wuta. Sannan ya haɗa wani ɗan inji ya zuƙe iskar da ke cikin bututu, ya zauna yana kallon allura, ya ƙi sauri ko da na ce la'asar ta kusa. Sai da ya gamsu ya buɗe gas.

Bututun ruwa Zinariya ta karɓe. Ta ce a saka shi a bokiti, ruwan goge ƙasa ya samu.

Da ya kunna, na tsaya ina jiran ruri. Shiru. Sai wata iska mai laushi ta sauko mini a ka. Na ce ta fara? Ya ce tun ɗazu.

Ya nuna mini rimot. Alama mai kama da tauraro, sanyi. Alamar rana, zafi. Lamba a tsakiya. Ya bari ɗakin ya yi sanyi sosai, sannan ya danna rana. Ta yi ɗan tunani, sai ga ɗumi yana fitowa ta bakin da sanyi ya fito yanzun nan. Na yi dariya kamar yaro.

Zinariya daga bakin ƙofa ta ce, "Wanne ne ranar? Nuna mini da kyau." Ya nuna mata.

Talata, 18 ga Oktoba

Na dawo daga shago na shiga ɗakin na zauna a ƙasa, ni kaɗai. Nan gadonta zai zauna. Nan zan tsuguna in yi mata wasa. Amaryata.

Abdulwasi'u zai zo gani ranar Alhamis.

Alhamis, 20 ga Oktoba

Innalillahi.

Da safe na sa ta a ashirin da huɗu, yadda Abdulwasi'u ya ce likita ta faɗa, na ja ƙofa na tafi shago. Bayan la'asar na tarye shi a ƙasa muka hau tare. Yana riƙe da ɗan ma'aunin zafi a hannu. Ni ina gaba ina ta zuba, ina ba shi labarin 'yar dako.

Na buɗe ƙofa. Zafi ya mare mu.

An rufe taga, an rataya bargo a kanta. An toshe ƙasan ƙofa da tsumma. Ga kaskon turaren wuta a lungu yana hayaƙi. Ga Zinariya tsaye tsakiyar ɗaki, gumi har haɓa, rimot a hannu, fuskarta cike da fara'a.

"Ka ji, ɗana? Haka ake wa mai jego. Tun safe nake gasa shi. Ko gadon kakata bai kai wannan ba."

Ya dubi ma'auninsa. Ya dube ni. Ya fara magana da Larabci da sauri, ya tsaya, ya haɗiye. Ya ce, "Ya Khala, a nan za a kwantar da Mubina?"

Ta ce, "Da uwarta. Su gasu tare."

A matakala na bi shi ina cewa kuskure ne, danna ɗaya ne ya koma yadda yake. Ya tsaya ya ce, cikin ladabi, wallahi cikin ladabi, "Ammi, na'ura ba ta da laifi. Amma in ina wurin aiki, kai kana shago, wa zai riƙe rimot?"

Ya sauka ya tafi.

Juma'a, 21 ga Oktoba

Na kira Abdulganiyyu ko wani abu ya lalace. Da ya ji labari sai da ya yi dariya har da tari. Ya ce na'urar ko motsi ba ta yi ba. An ce ta kai ɗaki talatin, ta duba ta ga ya riga ya wuce nan, ta yi zamanta. "Zafin Makka ne Hajiya ta tara muku, Alhaji, kyauta."

Ni ban yi dariya ba.

Mun yi sa-in-sa da Zinariya, irin wadda muka daɗe ba mu yi ba. Na ce ta rushe abin da na gina. Ta ce, "Kai ka ce mini tana zafi. Shi kuma ka ce masa tana sanyi. Kowa ka yanka masa rabin magana ka ba shi, kana jiran mu haɗu a ɗaki ɗaya mu ɗinke maka?"

Na fita masallaci tun kafin a kira.

Ranar Talata za a sallami Mubina. Aziziyya ke nan.

Asabar, 22 ga Oktoba

Amatullahi ta zo da kanta. Ta hawo benen nan a hankali, tana dafa bango. Ta gaishe ni ta wuce kicin wurin uwarta. Ina falo, ƙofa a buɗe, ba laɓe na yi ba.

Abin da na tsinta:

"Umma, ina son wankanki. Tun ina ƙarama kike ba ni labarin ba wanda ya yi miki. Ina so."

Sai jan hanci.

"Amma ruwan da hannunki zai iya zama a ciki, ba wanda zai sale ni ba. Zafinki ki ba ni a kunu, ki ba ni a farfesu, ki ba ni a banɗaki. Ɗaki kuwa na Mubina ne. Ba irin jariran da kika sani ba ce, Umma. Kin ga hannunta."

Zinariya ta ce wani abu ƙasa-ƙasa, ban ji ba.

Sannan suka fito tare, Amatullahi ta durƙusa gabana. Ta ce Abdulwasi'u ya yarda su zo, da sharaɗi ɗaya. Shi ma zai zo. Zai riƙa kwana a falo har a gama, rimot a hannunsa, in zai fita ya ba ta.

Na ce wa? A ina?

Suruki ya tare a gidan surukansa, matarsa na jego! A Kazaure da sai an yi shekara ana ba da labari. Ni da ban taɓa shan ko ruwa a gaban mahaifin Zinariya ba har Allah ya karɓi ransa. Mu riƙa karo a ƙofar banɗaki? Ya gan ni da singileti?

Na juya wurin Zinariya don ta taya ni. Sai cewa ta yi, "Ya zo mana. Ko a kan tankin ruwa zai kwana ya zo, in dai 'yata za ta kwana a gidana."

To. Jiya ita ce matsalar. Yau an wayi gari ni ne.

Na ce zan yi tunani.

Lahadi, 23 ga Oktoba

Mukhtaru ya ce in sayi hijabi in riƙa sawa in zan fita alwala. Na ce masa ya ji da ɗinkinsa, aljihun da ya sa a karkace yake.

Amma da rana ta yi, shi ɗin ne ya ce, ba tare da ya ɗago daga keke ba, "Sabitu, kunya dai ba a goya ta. Jika ake goyawa."

Litinin, 24 ga Oktoba

Na kira Abdulwasi'u. Na ce, "Abu Mubina, akwai katifa, kada ka wahalar da kanka da ɗauko wata." Ya ce, "Na gode, Baba." Bai taɓa ce mini Baba ba. Da ƙyar kalmar ta fito, amma ta fito.

Talata, 25 ga Oktoba

TA ZO.

An miƙo mini ita cikin farin tawul. Ba nauyi, kamar an ba ni riƙon burodi mai ɗumi. Ta buɗe ido ɗaya ta dube ni ta rufe. Zinariya ta ce ba ta yaba da angon ba, tsoho ne. Na ce ai yanzu aka fara zance.

Ɗaki lumui, ba zafi ba sanyi. Uban ya auna, ya gyaɗa kai.

Ba zan iya rubuta sauran ba.

Juma'a, 28 ga Oktoba

Gida ya cika da ƙamshin darbejiya da kunun kanwa. Zinariya ta ce arba'in ɗinta daga ranar da suka shigo za ta fara ƙirga, kwanakin asibiti ba ta san da su ba. Ba wanda ya yi musu.

Ni kuwa na zama baƙo a gidana. Ina sa jallabiya kafin in fito daga ɗaki. Abincina a ɗaka nake ci. In na ji motsin surukina a hanyar banɗaki sai in koma in zauna kamar ina neman wani abu. Shi ma haka, na lura. Jiya mun yi ta jiran juna, kowa na bayan ƙofarsa, har Zinariya ta ce in ba mai shiga ita za ta shiga.

Laraba, 2 ga Nuwamba

Abin mamaki yau.

Amatullahi ta fito daga wanka da safe, jiki na tururi, ta shiga ɗaki sai ta kama rawar sanyi, haƙora na haɗuwa. Zinariya ta dubi surukinta, kallo ɗaya.

Ya tsaya yana tunani. Sai ya ɗauko Mubina ya miƙo mini, ya ce, "Baba, riƙe ta a falo." Ya koma ya danna rana da hannunsa. Wannan karon ta yi aiki, tunda ɗakin da sanyinsa. Amatullahi ta kwanta cikin ɗumi, uwarta na matsa mata baya. Da jikinta ya daidaita aka mayar da tauraro, aka jira ɗaki ya sauko, sannan aka karɓi yarinya daga hannuna.

An tsaida haka: kullum bayan wanka, uwa ta sha ɗumi, 'ya ta zo wurin kakanta. Zinariya ta sami gadon wutarta. Ni na sami abin da ban ma roƙa ba.

Na gaya wa Mukhtaru zan riƙa makara. Ya ce dama.

Lahadi, 6 ga Nuwamba

Ta riƙe yatsana yau ta ƙi saki. Ƙarfi gare ta.

Alhamis, 10 ga Nuwamba

Zinariya ta ce ita ba za ta iya tire biyu ba, ga jego ga girki, duk mai jin yunwa ya zauna a falo. Ta dire tuwo da miyar kuka tsakanina da Abu Mubina ta tafi.

Mun daɗe muna kallon kwano. Shi ya fara cewa bismilla.

Yana cin tuwo kamar mai tsoron kada ya ji masa ciwo. Ya tambaye ni yadda Kazaure take, ko akwai duwatsu kamar nan. Ya ce kakansa yakan ambaci wani gari, bai riƙe sunan ba, yana jin haushin hakan. Ya ce yana so Mubina ta ji Hausa a bakina, don tasa ba ta isa gado ba. Na ce ba ta lalace ba, gishiri kawai take so.

Asabar, 19 ga Nuwamba

Abdulganiyyu ya biyo ya nuna mana yadda ake ciro ragar da ke tace ƙura a wanke. Ni na hau kujera, Abu Mubina ya riƙe mini ita. An auna amaryata a asibiti, ta ƙaru sosai. Kumatu sun fito.

Lahadi, 4 ga Disamba

Sun tafi. An yi wa Amatullahi kitso da lalle, ta yi kyau, ta yi jiki. Zinariya ta cika musu mota da yaji da garin kunu, ta yi kuka, ta yi dariya, ta ce ta sauke nauyin da ta daɗe tana ɗauke da shi.

Na naɗe katifar falo. Falon ya yi faɗi da yawa.

Talata, 6 ga Disamba

Na farka da safe na zauna a falo, hannuwana a buɗe kan cinya, sai can na tuna sun tafi. Na isa shago kafin Mukhtaru.

Juma'a, 9 ga Disamba

A garinmu uba ba ya zarya gidan 'yarsa. Ana haihuwa ya je, ana rashin lafiya ya je, shi ke nan. Ni ma ba zarya na yi ba. Tunawa na yi mukayyif ɗinsu na Aziziyya ya kwana arba'in ba mai kula da shi, ga yarinya ba ta son ƙura. Bayan an sauko daga masallaci na hau mota.

Abu Mubina ne ya buɗe ƙofa. Na faɗa masa abin da ya kawo ni tun kafin in zauna, don kada a yi wata fassara. Ya ce tayyib, ya kawo kujera ya riƙe.

Ragar fes take. Ashe ya wanke ta ranar da suka dawo. Na kai ta famfo na sake wankewa.

Kafin ta bushe sai an jira, shi ya sa na zauna. Kafin nan an miƙo mini Mubina, ba zan ce a mayar ba. Abinci kuma ya riga ya sauka.

Da zan tafi ya rako ni har bakin titi. Ya ce, "Baba, Juma'a mai zuwa ma ina jin za ta yi ƙura."

Na ce sai na duba. Unguwar tasu kusa da babban titi take, ƙura ba ta yi musu kaɗan.